Ragowar Shayin Alhamis

A Kwalejin Merrow babu abin da ba shi da sunan wani a jikinsa. Bencin da za ka zauna a kai yana da ɗan allon tagulla da ke gaya maka wanda ya saya. Itacen da ya yi maka inuwa wani tsohon ɗalibi ne ya dasa don tunawa da karensa. Famfon shan ruwa na bakin laburare ma sunan wani mai kamfanin siminti ne a kansa. Mu dubu da ɗari huɗu ne a tsakiyar gonakin masarar Iowa, a makaranta muke kwana, a nan muke ci, muna karanta falsafa da tarihi da adabi, kuma duk inda muka juya akwai wanda ya kamata mu gode wa.

Marlys Sedlak ta yi shekara ashirin da tara tana girki a wurin ba a rubuta sunanta a jikin komai ba, in ban da wata kujerar roba da ke bayan kicin, wadda ita da kanta ta rubuta wa a baya: "Ta Marlys ce. Tashi." Watanni huɗu da suka wuce aka gyara wannan kuskuren, kuma ni ce sanadi. Tun daga lokacin, duk saƙon da ya shigo wayata daga ofis sai in kife wayar in daɗe kafin in buɗe.

An haife ta a wata gonar aladu, mil goma sha biyu daga ƙofar kwalejin, amma sai da ta haura talatin ta fara taka harabar. Tana da shekara ashirin da huɗu aka yi gwanjon gonar babanta. Ta ce ba tarakta ce ta tsaya mata a rai ba, teburin cin abincin uwarta ne, wanda wani maƙwabci ya saya, bayan wata biyu kuma ya gayyace su cin abinci a kansa. Daga nan ta yi shekara goma a masana'antar injin wanki tana ɗaure noti iri ɗaya daga safe zuwa yamma, har aka rage ma'aikata. Mijinta Lyle direban motar share ƙanƙara ne a da, mutum mai shiru, yanzu ciwon suga ya zaunar da shi gida, kuma inshorar lafiyar da kwalejin ke ba ta ita ke sayen allurarsa. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, gwiwarta ta hagu ta lalace. Tana shan taba a ɓoye, a wurin da kowa ke ganinta.

Da aka ɗauke ta aiki sai aka ɗora mata abin da kowa ke gudu, wato shayin Alhamis. Wata attajira mai suna Adelaide Tarrant, da ta mutu a 1961, ta bar wa kwalejin gidanta da kuɗi masu yawa, ta kuma bar wasiyya: kowace Alhamis da ƙarfe huɗu a dafa shayi a falon gidan, a zuba a kofunanta na tangaran, "domin ɗalibai su koyi zance irin na mutanen kirki." Kuɗin da mai bayarwa ya ce na shayi ne, na shayi ne har abada, ko da rufin laburare na yoyo ba a taɓa su. Aka zuba su a kasuwar hannun jari suka yi ta haihuwa, su kuwa ɗalibai masu son zance irin na mutanen kirki ba su taɓa wuce ashirin ba. Kafin Marlys sai dai a yi ta canza labule, a sayo ganyen shayi daga Indiya. Aka miƙa mata makullin ƙaramin kicin ɗin gidan, da izinin yin odar duk abin da shayi ke bukata. Ba wanda ya sake leƙa ta.

Ni sunana Noemi Barragan, daga Laredo can kudancin Texas. Tallafin karatu ya biya min makaranta da ɗaki da abinci, bai biya kuɗin jirgi ba. Tsakiyar Disamba ake rufe babban ɗakin cin abinci, sai bayan mako biyar a buɗe, don a ganin kwalejin kowa ya tafi gida. Mu da ba mu tafi ba aka bar mana ɗakunan kwana a buɗe, aka yi mana fatan hutu lafiya. A hutuna na farko na yi kwana shida a kan indomi da burodi. Ranar Alhamis 'yar ɗakin kusa da nawa ta buga min ƙofa ta ce in sa takalmi mu je shan shayi. Na ɗauka zolayata take.

Falon ya cika, mun kai arba'in. A kan tebur ga butar azurfa da kofuna da farantin biskit, yadda marigayiya ta so. Amma ƙamshin da ke fitowa ta ƙofar baya ba na biskit ba ne.

"Ke, sabuwar fuska," in ji wata mata mai ragar gashi a ka, wadda daga baya na san ita ce Marlys. "Daga ina?"

"Laredo."

"To ba laifinki ba ne, rana ce ta dafa miki ƙwaƙwalwa, shi ya sa kika zo Iowa da wannan takalmin. Ɗauki kofi."

"Ba na shan shayi."

"Wa ya tambaye ki? Matacciya ta ce a sha. Ki kai kofin bakinki sau ɗaya, ki yi wa na kusa da ke zance irin na mutanen kirki, sannan ki zo ki rage min ragowa. Bayana ba ya son ɗaukar shara."

Dokar kwaleji ce cewa abincin da ya rage bayan taro ɗalibai na iya kwashewa. Marlys ba ta taɓa karya wannan doka ba. Auna abinci ne dai ta kasa koya. In hutu ya zo, mutum arba'in za su sha shayi, ita kuwa ta yi girkin mutum ɗari uku: farfesun naman sa da karas, dankali, kaji, shinkafa da wake, taliya da cuku, da kolaci, ɗan burodin nan mai 'ya'yan itace a tsakiya da ta koya wurin kakarta. Kowa ya fita da robobin bota shida ko bakwai cike, mu jera su a bayan taga cikin ƙanƙara, su kai mu wata Alhamis ɗin. Wasiyya ta ce kowace Alhamis, ba ta cire hutu ba. Na taɓa tambayarta yadda abin ya fara. Ta ce a hutunta na farko ta iske wani ɗalibi daga Montana yana juye sukarin shayi a aljihu. Mako na gaba ta yi kuskure ta dafa kaji huɗu.

Ba ta taɓa furta kalmar yunwa ba, ba ta kuma taɓa tambayar wani abin da ya hana shi tafiya gida ba. Ta san wanda ba ya cin alade, ta san wadda gyaɗa ke kumbura wa maƙogwaro. Bakinta kuwa ba ya hutawa.

"Kai Farfesa," ta kan ce wa wani dogo mai karanta falsafa, "me aka gano a makon nan? Akwai mu ko babu mu?"

"Har yanzu ana bincike, Marlys."

"To kafin a gama binciken ka dawo min da robobina. Su dai na tabbata akwai su, kuma suna ɗakinka."

In ka ce mata na gode sai ta ɗaure fuska, ta nuna hoton Adelaide da ke bango da ludayi. "Ga mai kaya can. Je ka gaya mata, ba ta da surutu."

Godiya kuwa mun iya ta. Kowane Nuwamba ana tara masu tallafin karatu a babban zaure, a raba mana katuna da alƙalami, mu rubuta wa waɗanda suka biya mana da hannunmu. Har samfuri ake liƙawa a allo, ga wanda godiyarsa ba ta fito da kyau ba. Shekara huɗu ina rubuta wa wani mai kamfanin inshora da ban taɓa gani ba. Na ƙware har ta kai da na gama karatu a watan Mayu, Ofishin Bunƙasa Kwaleji, wanda kowa ke kira ofishin roƙo, ya ɗauke ni aiki. Shugabana a can Kendall Pruitt ne, mutumin da ba a taɓa ganinsa babu murmushi ba, ko a jana'iza. Aikina in rubuta wa iyalan masu bayarwa wasiƙar shekara, in gaya musu abin da aka yi da kyautarsu.

Wasiƙar asusun shayi jikar Adelaide ake aika wa, Madam Corinne Tarrant, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas a Connecticut. Na buɗe fayil na ga shekara ashirin wasiƙa ɗaya ake turawa, kwanan wata kawai ake canzawa: an sha shayi, ɗalibai sun ji daɗi. Na ji haushi. A watan Satumba na je na sami Marlys a kan kujerarta, tana busa hayaƙi wajen kwandon shara.

"Marlys, ina so in rubuta labarinki."

"Na mutu ne ban sani ba?"

"Wasiƙar Madam Tarrant ce. An ba ni ita bana."

"Rubuta mata an sha shayi. Ai an sha."

"Haba Marlys. Shekara ashirin da tara kina ciyar da mutane, ba wanda ya sani."

"To kin ga abin da ya sa ya kai ashirin da tara." Ta kashe tabar a ƙasan takalmi. "Saurara nan, 'yar boko. Mutanen benen shugabanni can, abin da ba su sani ba, ba ruwansu da shi. In suka sani, dole su yi wani abu. Kin taɓa ganinsu suna yin wani abu? Ni na gani. Ranar da suka sani, ranar za su karɓi makullin nan." Ta daki aljihun gabanta.

Na gyaɗa kai, na koma ofis, na rubuta. Shekara huɗu ana koya mana cewa akwai mutanen da ake cin guminsu ba a ganinsu, kuma aikin mai ilimi ne ya fito da su fili. Na taɓa rubuta shafi ashirin a kan haka, aka ba ni maki mafi girma. Na yanke cewa kunya ce ke damun Marlys. Na sa kaji huɗun nan a wasiƙar, na sa robobin bota da tagogi da ƙanƙara, na sa sunanta cikakke.

Kendall ya karanta a tsaye. Da ya kai ƙarshe ya cire tabarau ya goge ido.

"Noemi, kin san abin da kika kawo min? Shekara shida ina neman labari irin wannan."

"Ba za ta shiga matsala ba, ko?"

"Matsala? Sama za mu ɗaga ta, yarinya. Kowa sai ya san ta."

Bai yi ƙarya ba. Kafin mako ya zagayo wasiƙar ta tafi Connecticut, ta tafi mujallar tsofaffin ɗalibai, wani mai kyamara ya fara bin Marlys yana roƙonta ta juya tukunya a hankali. Na daina bi ta bayan kicin.

Madam Corinne ta zo da kanta wata Alhamis a watan Oktoba. Shugaban kwalejin ya raka ta, karo na farko da ya shiga falon tun da ya hau kujera. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai sarƙar lu'ulu'u, kuma ba zan yi mata ƙazafi ba, da gaske take kuka. Ta kama hannayen Marlys biyu.

"Kakata ba ta taɓa shiga kicin ba a rayuwarta," ta ce, "amma da ta ga wannan da ta yi alfahari da ke."

"Na gode, Madam. A hankali da kofin nan, nata ne, saura goma sha ɗaya."

Tsohuwar ta juya wajen shugaba. "Wato a makarantar nan yara ke zama da yunwa?"

"Muna nazarin lamarin sosai," in ji shi. Minti biyar da suka wuce ya fara jin labarin.

Kafin ta hau mota ta yi alkawarin dala miliyan biyu, a gina Cibiyar Tarrant ta Ƙoshi da Walwalar Ɗalibai. Aka yi tafi. Kendall ya rungume ni. Marlys tana tattara kofuna, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ba fushi a fuskarta, irin kallon da ake yi wa sama a ga ko za a yi ruwa.

Bayan kwana takwas aka kira taro a benen shugabanni, ni ce mai ɗaukar bayani. Lauyan kwalejin ya ajiye wasiƙata a tsakiyar tebur, ya shafa ta da tafin hannu. Ya ce ba wanda ke fushi, ba wanda za a hukunta. Sai dai yanzu akwai takarda, da tambarin kwaleji a kanta, mai cewa kuɗin da aka bari don shayi an sayi naman sa da su shekara da shekaru. In hukuma ta gani, ko wani mai bayarwa ya gani ya fara tunanin nasa kuɗin, me za a ce? Sannan abinci a robobin bota, a bayan taga. Da cikin wani ya ɓaci, wa za a kai kotu?

"Dole a tsayar," ya ce.

Kendall ya ɗaga hannu. "Amma labarin fa? Za mu iya ci gaba da amfani da labarin?"

"Labarin ba shi da matsala. Abincin ne matsala."

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. "Hutun Disamba fa? Saura mako bakwai."

Mataimakiyar shugaba ta yi min murmushi, ta ce tambaya ce mai kyau. Cibiyar za ta buɗe nan da shekara ɗaya da rabi. Kafin nan akwai shirin wucin gadi: katin sayayya a babban kantin bakin hanya. Ɗalibi ya cika fom, ya haɗa da takardar harajin iyayensa, ya bayyana dalilin da ya hana shi tafiya gida, ya rubuta 'yar godiya ga Madam Corinne, ya sa hannu cewa ya yarda a yi amfani da hotonsa. Kantin mil uku ne daga kwalejin, bas ba ya aiki lokacin hutu. Na rubuta duka a takardar bayani, da kyakkyawan rubutu.

A liyafar masu bayarwa ta Nuwamba aka karrama Marlys. Ta sa rigar da ta sa a auren ɗanta. Aka kira ta kan dandamali, aka miƙa mata wani dunƙulen gilashi mai nauyi da sunanta a jiki, aka naɗa ta Jakadiyar Cibiya. Mutum ɗari biyu suka miƙe tsaye. Aka ba ta makirfo, ta dube shi, ta ce, "Kazar nan da kuke ci ta bushe, ba ni na dafa ba," ta sauka. Suka yi ta dariya, wata mata kusa da ni ta ce kai, wannan matar ta gaske ce.

Washegari da safe wata daga ofishin ma'aikata ta je ta karɓi makullin. An ba wani kamfanin abinci shayin Alhamis, suna kawo biskit a leda, biyu ga kowane mutum. Ita kuma, don tausaya wa gwiwarta, aka ɗauke ta daga girki gaba ɗaya, aka ba ta kujera mai laushi a ƙofar babban ɗakin cin abinci, tana duba katin masu shiga. Sama da kanta aka rataye ƙyalle mai tsawon mutum biyu, da hotonta tana juya tukunya a hankali, da rubutu: "Ku zama kamar Marlys. Ku bayar." In katin ɗalibi ya nuna ja, wato abincinsa na mako ya ƙare, aikinta ne ta mayar da shi. Ba ta ajiye aikin ba. Saura shekara biyu ta kai shekarun da gwamnati ke ɗaukar nauyin magani, kuma allurar Lyle ba ta jira.

Alhamis ta farko a hutu na ari mota na je gidanta da rana. Ƙaramin gida ne a bayan cocin Katolika, ƙanƙara ta rufe rabin taga. Lyle na gaban talabijin, ya ɗaga min yatsa biyu. Dunƙulen gilashin nan yana ƙasa, an tokare ƙofar kicin da shi. Na shirya jawabi tun a hanya, amma da na gan ta sai kuka ya zo.

"Kai, kai, kai," ta ce. "Ba a nan ba, yanzu na goge ƙasa. Zauna."

"Marlys, ki yafe min. Kin gaya min."

"Na gaya miki."

"Mu dafa a nan gidan. Zan kawo albashina, zan ɗauko su da mota, ba wanda zai sani."

Ta yi dariya har ta yi tari. "Lyle, ka ji? Za ta kawo albashinta." Lyle ya ce ya ji. Ta juyo ta dube ni. "Kin san nawa ake sayen naman mutum arba'in na mako biyar? Ke har yanzu kin yarda da abin da kika rubuta. Ni ba waliyyiya ba ce, 'yar nan. Ban taɓa ba wa kowa sisina ba. Kuɗin matacciya ne, suna kwance ba su da aiki, ni kuma ina da makulli da tukunya. Shi ke nan labarin. Murhuna baki biyu ne ke aiki. Kuma in wani ya ji ina raba abinci daga gida, Jakadiya guda, sai su ce na ɓata sunan Cibiya."

"To yaya za su yi?"

"Yadda kika yi kwana shida kafin ki zo. Sai dai su nasu mako biyar ne." Ta tura min farantin kolaci. "Ci. Su nawa suka rage bana?"

"Arba'in da uku."

Ta fara motsa baki, na gane tana lissafa kaji ne. Sai ta kama kanta, ta tashi ta kunna famfo ba abin wankewa.

Na yi abin da zan iya, ba shi da yawa. Ranar Asabar na kan ɗauki mutum huɗu zuwa kanti, na kan ajiye burodi da ƙwai a ƙasan benen ɗakunan kwana in gudu kafin a gan ni. Sauran ban san abin da suka ci ba, ban kuma iya tambaya ba. Gidan Tarrant a kulle yake duk hutun. Lauya ya duba ya ce in makaranta ba ta aiki, wasiyya ma tana iya hutawa.

Da aka dawo a ƙarshen Janairu, Kendall ya kira mu ya nuna mana sakamako a allo. Cikin arba'in da uku, mutum tara suka cika fom. Wasu iyayensu ba su da takardar haraji, wasu ba sa son hotonsu a mujalla, wasu sun kai wurin da ake tambayar dalili suka rufe kwamfuta. Wannan ba ya cikin allon. Abin da ke ciki shi ne, a da ana zaton mabukata sun haura arba'in, yanzu bincike ya nuna tara ne, kuma an biya bukatar dukansu. Ya ce tun ba a aza tubali ba Cibiya ta fara aiki. Ya ce in shirya wa Madam Corinne wannan albishir, kuma an ƙara min matsayi.

Da tsakar rana na gangara ɗakin cin abinci. Layi ya kai waje. Marlys na zaune ƙarƙashin hotonta, tana karɓar kati tana miƙawa ba ta ɗago kai. Na tsaya gefe har ta gan ni.

"Manyan ofis. Me aka gano?"

"Sun ce tara ne kawai."

"Tara me?"

"Masu bukata. Tara suka cika fom."

Ta riƙe katin wani a hannu. "Tara," ta ce. "To madalla. Ashe ni ce nake kawo yunwar." Ta miƙa katin. "Wuce."

Wata 'yar shekarar farko, wadda ba ta taɓa ganin robar bota a bayan taga ba, ta iso gaba. Ta dubi ƙyallen, ta dubi Marlys, ta sake duban ƙyallen.

"Laa, ke ce! Mun kalli bidiyonki a aji, wallahi har na yi kuka. Don Allah in ɗauki hoto da ke?"

"Kawo katinki."

Yarinyar ta miƙa. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja. Marlys ta sake gogawa, ta goge katin a rigarta ta gwada na uku. Ja.

"Na makon nan ya ƙare," ta ce, ba ta dubi yarinyar ba. "Sai Litinin. Matsa gefe, 'yar nan, ana jira."